Giya da Lemon Kwalba: Wanne Ya Fi Buƙatar Gargaɗi?

Kamfani ɗaya ne ke yin giyar da ta fi suna a Jamhuriyar Benin, shi ne kuma ke yin lemon da ake shayar da baƙi ranar suna. SOBEBRA, wanda ke ƙarƙashin rukunin Castel na Faransa, yana da masana'anta a Kwatano da Parakou, kuma daga hannunsa giyar La Béninoise da lemon Youki ke fitowa. Motar dillali idan ta taso daga Parakou ta kama hanyar Djougou, tafiyar kilomita ɗari da talatin da 'yan kai, takan ɗauko kiret-kiret na duka biyun a baya ɗaya. Sai an iso gari ake raba hanya. Wannan ya nufi mashaya, wancan ya shige firijin shagon Zongo ko kular yarinyar da ke talla a bakin tasha.

Djougou gari ne na cuɗanya tun zamanin da fataken goro ke ratsa shi daga Kano da Sakkwato zuwa Gwanja. A cikinsa da gundumominsa 12, waɗanda Sérou ke ɗaya daga cikinsu, akwai Yom da Lokpa da Dendi da Fulani da Hausawa. Musulmi ne suka fi yawa, amma akwai Kirista da masu addinin gargajiya, ƙasar kuma ba ta bin dokar wani addini. Saboda haka tambayar da ake ta kai ruwa rana a kanta a majalisun Turai da Amurka ta shafi mutanen nan kai tsaye: wace kwalba ce ya kamata hukuma ta tilasta a manna mata gargaɗin lafiya, ta giya ko ta lemo? In duka biyun ne, da wane irin lafazi?

Ba yau aka fara irin wannan ba. Kwalin taba ne ya buɗe hanya. Kanada ta fara sa hotunan cuta a jikin kwalin sigari a 2001, ƙasashe sama da ɗari suka bi sahu, Benin ta sabunta dokarta ta taba a 2017, Najeriya kuma ta fara tilasta hotunan a 2021. Da aka ga abin ya yi tasiri, sai likitoci suka juyo kan abin sha.

Masu cewa a fara da giya

Hujjarsu ta farko ita ce mafi nauyi, kuma ita ce mafi yawan mashaya ba su sani ba. Tun 1988 cibiyar binciken cutar kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ke birnin Lyon, ta sa barasa a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa kansa, rukuni ɗaya da taba. Ba gurɓatacciyar giya ake nufi ba. Sinadarin da ke bugarwar shi kansa ne, ko a burkutu yake ko a kwalba mai tsada. Idan ya shiga jiki, hanta kan juya shi zuwa wani sinadari mai suna asetaldehaid, wanda ke yi wa ƙwayoyin halitta lahani. Gaɓoɓin da abin ya fi shafa bakwai ne: baki, maƙogwaro, akwatin murya, bututun abinci, hanta, babban hanji, da mama a wajen mata. Kowa ya san giya na cin hanta. Kaɗan ne suka san tana da hannu a kansar mama.

Rahoton da hukumar ta fitar a 2024 ya ƙiyasta cewa barasa ta yi sanadin mutuwar mutum miliyan 2.6 a shekarar 2019, miliyan biyu daga cikinsu maza. A cikin wannan adadi akwai waɗanda ba su taɓa kai kwalba baki ba. Fasinjan da ya hau bayan ɗan acaɓan da ya kurɓi barasar sodabi da sassafe yana ciki, haka matar da miji ya dawo mata a buge, haka jaririn da uwarsa ta sha tana ɗauke da cikinsa. Wannan ce hujja ta biyu, kuma lemo ba shi da irinta.

Duk da haka, dokokin gargaɗi a kan giya sun zo a makare, da yawansu kuma a raunane. Amurka ta yi tata a 1988: 'yan layuka ne da ƙananan haruffa a kan mai ciki da tuƙin mota, ba a ambaci kansa ba, kuma har yau ba a sauya lafazin ba, ko da yake babban likitan gwamnatin ƙasar na lokacin, Vivek Murthy, ya nemi a ƙara ta a Janairun 2025. Faransa ta tilasta hoton mace mai ciki da aka ja wa layi, ko jimlar gargaɗi a madadinsa, tun 2007, amma a kwalabe da yawa hoton bai kai farcen ɗan yatsa ba. Kenya ta sa gargaɗi a dokarta ta 2010, Koriya ta Kudu ta shigar da maganar kansa a 2016. A Tarayyar Turai an daɗe ana yin wani abin mamaki: dole mai yin lemo ya jera abin da ya zuba a ciki, amma an ɗauke wa mai yin giya wannan nauyi.

Abin da ya faru a Yukon, wani yanki na arewacin Kanada, ya nuna dalilin jan ƙafar. A Nuwamban 2017 masu bincike suka fara manna takardu masu launin rawaya da ja a jikin kwalabe a babban shagon barasa na birnin Whitehorse, ɗaya daga cikinsu tana faɗin cewa barasa na iya kawo kansa. Ba a yi wata biyu ba kamfanoni suka taso wa gwamnatin yankin, aka dakatar da aikin. Da aka ci gaba a 2018, an cire takardar kansar. Duk da wannan tangarɗa, cinikin barasa a wurin ya ragu da sama da kashi 6 cikin ɗari. Ireland kuma ta yi dokar da ta fi kowace tsauri a Turai, aka sa hannu kan ƙa'idojinta a 2023 da niyyar su fara aiki a Mayun 2026. Italiya da masu yin ruwan inabi suka yi ca, abokan ciniki na waje suka yi ƙorafi, sai a 2025 gwamnatin ta ɗage zuwa 2028. Kamfani ba ya kashe kuɗin lauya a kan takardar da ba ta taɓa aljihunsa.

Masu cewa sukari ne ɓarawon gida

Ɗaya ɓangaren ba sa musun ko ɗaya daga cikin wannan. Abin da suke cewa shi ne, a dubi wanda ke sha. A gidan Musulmin Zongo, giya ta riga ta sami gargaɗin da ya fi kowace takarda ƙarfi. Haramcinta yana cikin Alƙur'ani, liman yana faɗa, uwa tana faɗa, wanda ya sha ma a ɓoye yake sha. A Kano har Hukumar Hisba kan tara kwalabenta ta farfasa a bainar jama'a. Lemo kuwa ba mai kyararsa. Shi ne abin fita kunyar baƙo, shi ake jerawa ranar ɗaurin aure da walima, da shi ake buɗa-baki cikin azumi idan zafi ya tsananta, shi ake saya wa yaro in ya yi ƙoƙari a makaranta. Mai zuwa dubiya asibiti yakan riƙe gwangwanin lemon malt da sunan yana ƙara jini, alhali shi ma cike yake da sukari, wani lokacin ma marar lafiyar ciwon sukari ne ya kwantar da shi.

Matsalar sukarin da aka narkar a ruwa ita ce ba ya ƙosarwa. Wanda ya ci sakwara ko tuwo cikinsa zai gaya masa ya isa. Wanda ya sha kwalbar lemo zai ci abincinsa cif kamar bai sha komai ba. Sukarin yakan shiga jini da sauri, jiki ya yi ta fitar da sinadarin insulin don ya kwashe shi, hanta ta mayar da wani kaso kitse. In aka shekara da shekaru ana haka, jiki kan daina jin insulin yadda ya kamata, daga nan ciwon sukari nau'i na biyu ya samu ƙofa. Haƙora kuwa tun ana yara suke fara biyan bashin.

Ƙungiyar masu yaƙi da ciwon sukari ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke da cutar a yankin Afirka, fiye da rabinsu ba su ma san suna da ita ba, kuma adadin na iya kai wa miliyan 55 a 2045. Wani bincike na jami'ar Tufts ta Amurka da aka buga a mujallar Nature Medicine a Janairun 2025 ya danganta sababbin masu ciwon sukari miliyan 2.2 na shekarar 2020 da abin sha mai zaƙi. Inda abin ya fi tsanani har da Afirka kudu da Sahara, inda sama da kashi 21 cikin ɗari na sababbin kamuwa ke da alaƙa da shi.

A ƙauye, ciwon ba ya bayyana da sunansa. Yakan zo da yawan fitsarin dare, ƙishirwar da ba ta yankewa, rama ba dalili, ganin da ke dusashewa, ko gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa har a fara zargin sammu. Kafin a kai mutum asibitin Ordre de Malte na Djougou ko babban asibitin koyarwa na Parakou, sau da yawa cutar ta yi shekaru tana aiki. Daga ranar kuma magani ba ya yankewa, kuɗin doya da na kashu su riƙa tafiya kantin magani wata bayan wata.

Abin da ke bayan kwalba

Mai karatu zai iya auna wannan da kansa, in ya san inda zai duba. A jikin robar lemo ko gwangwani akan sami ɗan jadawali da Faransanci mai taken Valeurs nutritionnelles. A cikinsa akwai layin Glucides, ƙarƙashinsa kuma dont sucres. Wannan na biyun shi ne sukari. Tarkon yana saman jadawalin, inda aka rubuta pour 100 ml: lambar da aka bayar ta mililita 100 ce kawai, ba ta kwalbar duka ba.

A ɗauki Coca-Cola na asali, wanda ke da kusan giram 10.6 a kowace mililita 100. Robar 50 cl mililita 500 ce, wato ɗari sau biyar. Giram 10.6 sau biyar ya ba da giram 53. Ƙaramin cokalin shayi yana ɗaukar kusan giram 4, saboda haka a raba 53 gida huɗu: cokali 13 da ɗoriya. Gwangwanin 33 cl yana da giram 35, kusan cokali tara.

Shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar a 2015 ita ce kada sukarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha ya kai kashi 10 cikin ɗari na ƙarfin da mutum ke samu a yini. Ga babban mutum wannan kusan giram 50 ne, cokali 12, in kuma ya iya tsayawa a rabin haka ya fi. Ke nan roba ɗaya ta cinye rabon yini duka, tun kafin a lissafa kokon safe da shayin mai shayi da aka kwarara wa madarar gwangwani mai zaƙi. Babu uwar da za ta tsaya tana kallo ɗanta ya ɗebi cokali 13 na sukari ya zuba a kofi ɗaya, amma ita ce za ta miƙa masa robar da hannunta.

Lissafin bai da wuya ga wanda aka koya wa. Sai dai yana buƙatar mutum ya iya karatu, ya san Faransanci, ya iya ninkawa da rabawa, idonsa kuma ya iya ganin haruffan da suka fi ƙwayar gero ƙanƙanta. Kwalbar gilashi da ake mayarwa ma sau da yawa ba ta da jadawalin sam, ɗan abin da aka rubuta yana kan murfi, murfin kuma yana ƙasa tun lokacin da aka buɗe. Kamfani zai ce ai ya faɗa. Faɗar da ba mai ji ba ta tsirar da kowa, Hausawa kuwa cewa suka yi in kunne ya ji, jiki ya tsira.

Ba cuta ɗaya ba ce, kada a ba su lafazi ɗaya

A nan ne masu zafin ra'ayi na ɓangaren sukari kan zarme, su ce lemo da giya duk ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Sukari abinci ne, jiki na aiki da shi. Mai ciwon sukarin da jininsa ya faɗi ƙasa da lemo ake ceto shi, ruwan gishiri da sukari kuma ya raya yara masu gudawa da ba su ƙirguwa. Ba a taɓa jin wanda ya sha Youki ya kasa gane hanyar gidansa ba. Illar sukari tana cikin yawansa da maimaita shi. Barasa kuwa, a maganar kansa, masana ba su gano wani ma'aunin da za su ce daga nan zuwa ƙasa babu haɗari ba.

Birnin San Francisco ya gwada bai wa lemo irin gargaɗin taba. A 2015 ya yi dokar da ta ce kashi 20 cikin ɗari na kowane allon tallan lemo ya zama gargaɗin ƙiba da ciwon sukari da ruɓewar haƙori. Kamfanoni suka kai ƙara, kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta dakatar da dokar a 2019. Ko da ba kotu, akwai hatsarin da ya fi wannan: idan aka sa wa kowane abu kalmomi masu firgitarwa iri ɗaya, mutane kan daina jin tsoron kowanne. Abin da ya fi dacewa shi ne kwalbar giya ta faɗi abin da take haifarwa, kwalbar lemo kuma ta faɗi yawan abin da ke cikinta, a gaba, da girman da ba sai an ƙanƙance ido ba.

Ƙasar Chile ce ta nuna yadda ake yin na biyun. Wani ɗan majalisar dattawa kuma likita, Guido Girardi, ya yi shekaru yana fafutuka har dokar ta wuce a 2012, ta fara aiki a Yunin 2016. Duk abin da sukarinsa ko gishirinsa ko kitsensa ya haura iyaka, sai a buga masa baƙin tambari mai kusurwa takwas a gaban kwali, irin siffar alamar tsayawa ta bakin titi. Abin da ke da tambarin ba a sayar da shi a makaranta, ba a tallata shi ga yara 'yan ƙasa da shekara 14, aka kuma cire zanen dabbobin da ke jan hankalin yara daga jikin kwalaye. Binciken da aka buga a 2020 ya nuna sayen abin sha mai tambarin ya ragu da kusan kashi 24 cikin ɗari. Ba tambarin kaɗai ya yi aikin ba, hana talla da hana sayarwa a makaranta sun taimaka. Wani amfanin kuma ya zo ta bayan gida: kamfanoni da yawa sun rage sukarin don su tsere wa tambarin. Wasu sun maye gurbinsa da sinadaran zaƙi, shi ya sa Meziko, da ta kwaikwayi tsarin a 2020, ta ƙara wani gargaɗin cewa ba a son yara su sha masu irin wannan sinadari. Afirka ta Kudu ta fitar da daftarin irin tata dokar a 2023.

Darajar tambarin Chile ga wuri kamar Sérou ita ce yaron da bai shiga aji ba zai iya ƙirga shi. A Benin, waɗanda suka iya karatu da rubutu cikin manya kusan rabi ne kawai, a karkarar arewa da tsakanin mata kuma abin ya fi haka ƙasa. Harshen kasuwa a Djougou Dendi ne, harshen takarda Faransanci. Ga kuma kayan Najeriya da ke shigowa ta iyakar Chikanda da Nikki su sauka kasuwar Arzeke ta Parakou, rubutunsu duk da Ingilishi. Gargaɗin da aka rubuta da jimla, ko da hukumar ABSSA mai kula da ingancin abinci ta tilasta shi gobe, zai tsaya ne a idon 'yan boko.

Abin da ba ya cikin kwalba

Akwai kuma gaskiyar da mahawarar Turai ba ta cika tunawa da ita ba. A arewacin Benin, kaso mai yawa na abin da ke bugarwa bai taɓa ganin masana'anta ba. Burkutu, wanda a nan ake kira cukutu, mata ne ke yin sa: a jiƙa dawa ta tsira, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a bar shi ya tashi, ranar kasuwa a sha a ƙoƙo. Sodabi daga kudu yake zuwa, bammi ne da aka tace da wuta, ana kawo shi a jarka a sayar a ɗan ƙaramin kofi, wani lokacin an jiƙa saiwoyi a ciki da sunan maganin basir ko na ƙarfin maza. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na barasar da ake sha a duniya ba ta shiga lissafin kowace hukuma. Irinta ce ta kashe gomman mutane a jihohin Ondo da Ribas na Najeriya a 2015, lokacin da aka sha ogogoro mai gubar metanol. Ƙoƙo ba shi da inda za a manna takarda.

Haka abin yake a ɓangaren zaƙi, kuma nan ne ya fi shafar gidajen Hausawa. Zoɓo da lamurje da kunun aya da ake ƙullawa a leda, dege da fura da ake bugawa da sukari, shayin da samari ke dafawa zagaye uku a bakin titi, babu mai jadawali a cikinsu. Mutane kan ɗauka na gida ya fi na kamfani lafiya. Ta wata fuskar haka ne, amma ba lallai ta fuskar sukari ba. A misali, mai zoɓon da ta zuba kilo biyu na sukari a bokitin lita 20 ta ba kowace lita giram 100, wato giram 10 a mililita 100, kusan daidai da lemon kwalba. Ba mugunta ta sa ta ba. In ta rage, masu saye za su ce ya yi salam, su koma wajen maƙwabciyarta.

Saboda haka takarda, ko ta giya ko ta lemo, rabin kasuwa kawai take iya kaiwa. Sauran rabin sai ta bakin ma'aikacin asibiti, gidan rediyon gari, mumbarin Juma'a, coci, da ajin makaranta.

Abin da maƙwabta suka gwada

Najeriya ta taɓa duka ɓangarorin biyu, kowanne da irin ƙarshensa. A Maris na 2017, Mai shari'a Adedayo Oyebanji ta babbar kotun Legas ta umarci hukumar NAFDAC ta sa kamfanin Nigerian Bottling Company ya rubuta a jikin Fanta da Sprite cewa kada a sha su tare da bitamin C. Ƙarar ta samo asali ne daga wani ɗan kasuwa da ya kai lemon Ingila, hukumomin can suka ƙwace saboda yawan sinadarin hana lalacewa. Kamfanin ya ce abin da ya zuba bai haura ƙa'idar Najeriya da ta duniya ba, ma'aikatar lafiya ta tarayya ta ce lemon ba shi da matsala, aka ɗaukaka ƙara. Ƙasar ta yi makonni tana muhawara a kan sinadarin da ake aunawa da miligiram, ba wanda ya tada maganar sukarin da ake aunawa da cokali.

Daga baya gwamnati ta bi ta hanyar haraji. Dokar kuɗi ta 2021 ta ɗora Naira 10 a kan kowace lita ta lemo mai zaƙi, aka fara karɓa a 2022. A robar 50 cl Naira 5 ke nan, abin da tsadar rayuwa ta haɗiye nan da nan, shi ya sa ƙungiyar CAPPA ta Legas ke neman a ninka shi sau da yawa. Afirka ta Kudu ta fi dabara tun 2018: harajinta yana bin yawan giram ɗin sukarin da ya haura huɗu a mililita 100, don haka kamfanin da ya rage sukari ya rage abin da zai biya. Ghana ta sa kashi 20 cikin ɗari a 2023.

A ɓangaren barasa kuwa, NAFDAC ba ta tsaya kan rubutu ba, mazubin ta nufa. A 2018 aka yi yarjejeniya da kamfanoni cewa cikin shekara biyar za a daina zuba barasa a 'yar leda da ƙananan robobi 'yan ƙasa da mililita 200, saboda arha ce, tana shiga aljihun ɗan makaranta da na direba ba a gani. Da wa'adin ya cika, shugabar hukumar, Farfesa Mojisola Adeyeye, ta sanar da fara aiwatarwa a Fabrairun 2024. Ma'aikatan kamfanonin suka fito zanga-zanga suna kukan rasa aiki, 'yan majalisa suka shiga tsakani, aka ƙara wa'adi. Duk abin da Najeriya ta hana ko ta ƙyale yakan bayyana a kasuwannin Borgou da Donga, domin iyakar ba ta da ƙofa ɗaya.

Aikin aji

A zama na gaba kowane ɗalibi ya zo da roba ko gwangwanin lemo wanda aka shanye. A nemo layin dont sucres, a ninka shi da girman mazubin, a raba gida huɗu, sannan a ɗebi sukari na gaske da cokali a zuba a cikin robar gwargwadon abin da lissafi ya bayar, a jera su a kan tebur daga mafi ƙaranci zuwa mafi yawa. In a ajin akwai mai sana'ar zoɓo ko kunu ko shayi, ya faɗi ma'auninsa a yi masa irin wannan lissafi.

Bayan haka aji ya rabu biyu. Rukuni ɗaya ya zana alamar gargaɗin giya, ɗayan ya zana ta lemo, ba tare da harafi ko ɗaya ba. Ranar kasuwa a nuna zanen ga mutum biyar da ba su yi makaranta ba, maza da mata, a tambaye su da Dendi ko Yom ko Hausa abin da suka fahimta, a rubuto amsoshinsu yadda suka faɗa.